Alice Hamilton

Alice Hamilton (an haife ta a ranar 27 ga Fabrairu, 1869, ta mutu a ranar 22 ga Satumba, 1970) likita ce 'yar ƙasar Amurka, kuma mai bincike a kan cututtukan da mutane ke ɗauka a wuraren sana'a. An fi saninta da aikin da ta yi a kan gubar dalma, inda ta nuna cewa ƙurar da ma'aikaci ke shaƙa ita ce babbar hanyar da gubar ke shiga jikinsa, kuma illarta tana kaiwa ga iyalinsa har da ɗan da ke ciki. Ita ce mace ta farko da Jami'ar Harvard ta ɗauka a matsayin malama, a shekarar 1919. Binciken da aka yi bayan zamaninta a kan yadda guba ke ratsa mabiyiya ta taɓa ƙwaƙwalwar jariri ya tabbatar da yawancin abin da ta yi gargaɗi a kai, haka ma annobar gubar dalma da ta auku a jihar Zamfara ta Najeriya a shekarar 2010.

Farkon rayuwa da karatu

An haifi Alice a birnin New York, amma ta tashi a garin Fort Wayne na jihar Indiana, inda kakanta Allen Hamilton, wanda ya yi ƙaura daga ƙasar Ayalan, ya tara dukiya da filaye. Sunan mahaifinta Montgomery Hamilton, mahaifiyarta kuma Gertrude Pond. Ita ce ta biyu a cikin 'ya'ya mata huɗu. Yayarta Edith Hamilton ta yi suna wajen rubutu a kan tarihi da adabin Girkawa, Margaret ta zama malamar makaranta, Norah kuma ta zama mai zane. Suna da ƙane guda ɗaya mai suna Arthur.

A gida iyayensu suka koyar da su, sai daga 1886 zuwa 1888 Alice ta halarci makarantar 'yan mata ta Miss Porter da ke Farmington a jihar Connecticut. Kasuwancin mahaifinsu ya karye a 1885, don haka ya zama dole 'yan matan su nemi abin dogaro da kai. Alice ta zaɓi aikin likita duk da ba ta da tushe mai ƙarfi a kimiyya. Ta yi karatun share fage a Fort Wayne, sannan ta shiga makarantar koyon likitanci ta Jami'ar Michigan, inda ta sami digirinta a 1893.

Bayan ta yi aikin neman ƙwarewa a asibitocin mata da yara a Minneapolis da Boston, sai ta fahimci cewa bincike ya fi jan hankalinta a kan duba marasa lafiya. A 1895 ta tafi Jamus tare da Edith, ta karanci ilimin ƙwayoyin cuta da ilimin gano asalin cututtuka a Leipzig da Munich. Jami'o'in Jamus na lokacin ba sa ba mata digiri, wasu malaman ma sai da sharaɗin ta zauna inda ba za ta ja hankali ba suke barinta ta saurari darasi. Da ta koma Amurka ta ƙara shekara guda a Jami'ar Johns Hopkins.

Zama a Hull House

A 1897 aka ba ta aikin koyarwa a makarantar likitanci ta mata da ke ƙarƙashin Jami'ar Northwestern a birnin Chicago. A shekarar ce kuma ta tare a Hull House, wani gida da Jane Addams ta kafa a unguwar talakawa baƙin haure, inda masu ilimi ke zama tare da jama'ar unguwa suna taimaka musu. Ta zauna a can shekara 22. Ta buɗe wurin duba lafiyar jarirai, inda ake yi musu wanka ana kuma ba iyaye mata shawara kan abinci da tsafta.

Lokacin da zazzaɓin taifot ya ɓarke a Chicago a 1902, ta bi unguwannin da abin ya fi tsanani, ta danganta yaɗuwar cutar da ƙudaje da buɗaɗɗun masai. Rahotonta ya sa aka yi gyara a hukumar lafiya ta birnin. Daga baya ya bayyana cewa babban dalilin annobar shi ne ƙazanta da ta shiga bututun ruwan sha, kuma ita kanta ta riƙa bayyana hakan a fili.

Zaman unguwar ne ya haɗa ta da matan da mazajensu suka mutu ko suka nakasa a masana'antu: masu fenti da hannayensu suka shanye, da ma'aikatan ƙarfe da iskar gas mai guba ta sumar. Ta karanta littafin Dangerous Trades na likitan Ingila Thomas Oliver, wanda ya fito a 1902, sai ta lura cewa ƙasashen Turai suna da dokoki da rubuce-rubuce masu yawa a kan cututtukan sana'a, alhali likitocin Amurka ba su ɗauki fannin da muhimmanci ba. Ta wallafa maƙalarta ta farko a kan batun a 1908.

Binciken jihar Illinois

A 1908 gwamnan jihar Illinois, Charles Deneen, ya sa ta a cikin kwamitin da ya kafa kan cututtukan sana'a. A 1910 aka ɗora mata jagorancin binciken, ita kuma ta ɗauki ɓangaren dalma da kanta. Dalma, wadda wasu ke kira darma, ƙarfe ne mai laushi da nauyi da ake amfani da shi a fenti, da batir, da bututu, da kayan tangaran. Alamomin gubarta ga babba sun haɗa da murɗar ciki mai tsanani, da ƙarancin jini, da shuɗin layi a dasashi, da shanyewar wuyan hannu. Idan ta yi yawa tana kawo jijjiga da gushewar hankali da mutuwa.

Babu kundin da ke nuna masana'antun da ke amfani da dalma, masu kamfanoni kuma sukan musanta cewa akwai matsala. Saboda haka ta riƙa duba takardun asibitoci, tana tambayar likitocin unguwa da masu sayar da magani da shugabannin ƙungiyoyin ƙwadago, sannan ta bi ma'aikata har gida ta ji daga bakinsu da na matansu. Ta haka ta gano hanyoyin da ba a sani ba. Misali, wani ma'aikaci ɗan asalin Foland da ke kwance a asibiti ya ce aikinsa shafe bahon wanka. Da ta bi diddigi sai ta tarar ana barbaɗa wani gari a kan bahon ƙarfe yana ja wur da zafi, garin kuma yana ɗauke da dalma mai yawa, ma'aikata suna tsaye cikin ƙurarsa.

Rahoton da aka miƙa a 1911 ya lissafa ayyukan masana'antu sama da 70 da ke jefa ma'aikata cikin haɗarin dalma, tare da mutum 578 da aka tabbatar sun kamu. A shekarar ce jihar Illinois ta yi dokar da ta wajabta wa masu kamfanoni ɗaukar matakan kariya, da duba lafiyar ma'aikatan da ke hulɗa da guba a kai a kai, da kai rahoton waɗanda suka kamu.

Babban abin da ta dage a kai shi ne batun ƙura. Masu masana'antu sun saba ɗora laifi a kan ma'aikaci, wai ba ya wanke hannu kafin cin abinci, ko yana shan barasa. Hamilton ta nuna cewa ko mutum ya kai kowa tsafta, muddin yana shaƙar ƙura da hayaƙin dalma zai kamu. Maganin da ta bayar shi ne a hana ƙurar tashi tun daga tushe: a jiƙa kayan aiki, a sa na'urorin zuƙe iska, a tanadi wurin wanka da kayan aiki na musamman da ba a komawa gida da su.

Aiki da gwamnatin tarayya

A taron ƙasa da ƙasa kan cututtukan sana'a da aka yi a Brussels ta ƙasar Beljiyam a 1910, ta haɗu da kwamishinan ƙwadago na Amurka, Charles Neill, wanda ya nemi ta yi irin binciken Illinois a faɗin ƙasar. Ba ta da ikon doka na shiga kowace masana'anta, sai da lallashi da hujja. Wani sanannen misali shi ne na Edward Cornish, babban jami'i a kamfanin National Lead, wanda ya ƙi yarda cewa ma'aikatansa na kamuwa. Da ta kawo masa bayanan mutum 22 daga masana'antunsa, sai ya amince ya gyara tsarin aiki ya kuma ɗauki likitoci.

Cikin shekaru kusan goma ta binciki masana'antun farar dalma ta fenti, da na tangaran, da na narkar da ƙarfe, da na batir, da na roba. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya ta duba masana'antun harsasai da nakiyoyi. Ta kuma yi nazari kan gubar zaiba a tsakanin masu yin huluna, da mutuwar yatsu da ke samun masu sassaƙa dutse da guduma mai aiki da iska a jihar Indiana.

Dalma da haihuwa

Tun ƙarni na 19 likitocin Faransa da Ingila suka lura cewa matan da ke aiki da dalma suna yawan yin ɓari, ko su haifi ɗa ba rai, ko jaririn ya mutu da jijjiga a watanninsa na farko. Hamilton ta tattara waɗannan bayanai ta kawo su gaban hukumomin Amurka. A 1919 ma'aikatar ƙwadago ta buga rahotonta mai suna Women in the Lead Industries, ta kuma koma kan batun a littafinta Industrial Poisons in the United States na 1925. Matsayinta shi ne dalma ba ta tsaya ga wanda ya shaƙe ta ba: tana wucewa daga jinin uwa zuwa ɗan tayi, kuma akwai alamun cewa gubar da ke jikin uba ma tana shafar zuriya.

Wannan ya sa ta goyi bayan dokokin da ke ba mata ma'aikata kariya ta musamman, har ta daɗe tana adawa da ƙudurin gyaran tsarin mulki na daidaita haƙƙin maza da mata, don tsoron kada ya rushe waɗannan dokoki. Sai a farkon shekarun 1950 ta janye adawar. Masu suka sun nuna cewa wasu kamfanoni sun fake da irin wannan kariya suna hana mata aiki mai albashi mai kyau maimakon su tsaftace wurin aikin. A 1991 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar kamfanin batir na Johnson Controls cewa hana mata masu iya haihuwa aiki da sunan kare ɗan tayi wariya ce da ta saɓa wa doka.

Harvard da rikicin dalma a fetur

A 1919 makarantar likitanci ta Harvard ta naɗa ta mataimakiyar farfesa a fannin lafiyar masana'antu, a lokacin da makarantar ba ta ɗaukar ɗalibai mata. An gindaya mata sharuɗɗa uku: ba za ta shiga kulob ɗin malamai ba, ba za ta karɓi tikitin kallon ƙwallo da ake ba malamai ba, kuma ba za ta shiga jerin gwanon bikin yaye ɗalibai ba. Ta nemi a bar ta tana koyarwa rabin shekara kawai domin ta ci gaba da bincike a masana'antu. Har ta yi ritaya a 1935 ba a ƙara mata matsayi ba.

A farkon shekarun 1920 kamfanonin mota da na mai suka fara zuba wani sinadarin dalma a cikin fetur don inji ya yi aiki lafiya. A watan Oktoba na 1924 ma'aikata biyar suka mutu bayan sun haukace a matatar Bayway ta kamfanin Standard Oil a jihar New Jersey, inda ake haɗa sinadarin. A taron da babban likitan gwamnatin Amurka ya kira a Washington a watan Mayun 1925, Hamilton da Yandell Henderson na Jami'ar Yale suna cikin waɗanda suka yi adawa. Hujjarta ita ce za a watsa dalma a titunan kowane gari inda ba wanda zai iya kauce mata, kuma ya kamata a nemi wani sinadarin. Ba a bi shawararsu ba. Amurka ba ta gama hana fetur mai dalma a motoci ba sai 1996, ƙasashen Afirka kudu da Sahara suka daina a farkon 2006, Aljeriya kuma ta zama ta ƙarshe a duniya a 2021.

Daga 1924 zuwa 1930 ta kasance mace ɗaya tilo a kwamitin lafiya na ƙungiyar League of Nations, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta gada. Ta kasance mai rajin zaman lafiya, kuma ta raka Jane Addams taron mata na birnin Hague a 1915.

Ƙarshen rayuwa

Bayan ritaya ta koma garin Hadlyme a jihar Connecticut tare da ƙanwarta Margaret. Ta ci gaba da ba ma'aikatar ƙwadago shawara, ta kuma binciki gubar da ke taɓa hankalin ma'aikatan masana'antar zaren roba mai kama da siliki. Littafinta Industrial Toxicology ya fito a 1934, ta sake fitar da shi a 1949 tare da likita Harriet Hardy. Tarihin rayuwarta da ta rubuta da kanta, Exploring the Dangerous Trades, ya fito a 1943 da zane-zanen Norah. Ta shugabanci ƙungiyar National Consumers League daga 1944 zuwa 1949, ta kuma karɓi lambar yabo ta Lasker a 1947. Ba ta yi aure ba. Ta mutu a gidanta tana da shekara 101, wata uku kafin shugaba Richard Nixon ya sa hannu a dokar lafiya da kariyar ma'aikata ta tarayya a Disambar 1970. A 1995 hukumar gidan waya ta Amurka ta fitar da kan sarki mai ɗauke da hotonta.

Abin da bincike ya gano daga baya

Aikin Hamilton ya fi karkata ga manya da ke shan guba mai yawa. Masu bincike na baya ne suka faɗaɗa shi zuwa ga yara da ƙaramin adadi. A 1943 Randolph Byers da Elizabeth Lord a Boston suka bi yara 20 da aka ɗauka sun warke daga gubar dalma, suka tarar 19 daga cikinsu suna fama da matsalar karatu ko ta ɗabi'a. A 1979 Herbert Needleman ya auna dalma a haƙoran yara 'yan makaranta da suka fāɗi, ya nuna cewa waɗanda ke da dalma mai yawa sun fi rauni a gwajin basira da natsuwa a aji, ko da ba su taɓa nuna alamar ciwo ba.

An kuma sauya fahimta game da mabiyiya, wato uwar cibiya. A da ana ɗaukarta a matsayin katanga mai tsare ɗan tayi daga duk abin da ke jinin uwa. Gubar zaiba a Minamata ta Japan a shekarun 1950, da maganin thalidomide da ya nakasa dubban jarirai a wajajen 1960, sun rushe wannan zato. Dalma tana ratsa mabiyiya cikin sauƙi, kuma adadinta a jinin cibiya yakan yi kusa da na jinin uwa. Jiki yana ɗaukarta kamar sinadarin kalsiyam ya ajiye ta a ƙashi shekaru da dama. A lokacin ciki da shayarwa, sa'ad da ƙashin uwa ke sakin kalsiyam domin jariri, dalmar da ta shiga jikinta tun tana yarinya tana iya fitowa tare da shi. A ƙwaƙwalwar da ke kan ginuwa, dalma tana dagula saƙonnin da ƙwayoyin jijiya ke aika wa juna, kuma illar ba ta cika gyaruwa ba.

Mabiyiya kuma tana samar da sinadaran homon da ke riƙe ciki suna tsara girman ɗan tayi. A taron Wingspread na 1991, wanda Theo Colborn ta jagoranci shiryawa, masana suka fito da batun sinadarai masu dagula aikin homon, irin su maganin ƙwari na DDT. Ana lissafa dalma a cikin ƙarafan da ke da irin wannan tasiri, domin an danganta ta da jinkirin balaga ga 'yan mata da raunin maniyyi ga maza. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa, kuma jikin ƙaramin yaro yana tsotse dalmar da ya haɗiya ninki huɗu zuwa biyar a kan na babba.

Annobar Zamfara ta 2010

A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura da yawan mutuwar ƙananan yara a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, a yammacin jihar Zamfara ta wajen Gummi. Yaran suna amai da jijjiga, maganin zazzaɓin cizon sauro da na sanƙarau kuma bai yi musu aiki ba. Gwajin jini ya nuna gubar dalma ce. Tashin farashin zinariya ya sa jama'a sun dukufa wajen haƙar ma'adinai, dutsen da suke haƙowa kuma yana ɗauke da dalma mai yawa. Ana kawo shi cikin gari a niƙa a injin niƙa, ko mata su daka a turmi a tsakar gida, ƙurar ta sauka a ƙasa inda yara ke rarrafe suna sa hannu a baki.

Binciken da hukumar CDC ta Amurka ta yi tare da jami'an Najeriya a Dareta da 'Yargalma ya nuna cewa kashi 25 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun mutu cikin shekara guda, kuma kashi 97 cikin 100 na waɗanda aka gwada suna da dalma da ta kai matakin buƙatar magani. An ƙiyasta cewa yara kimanin 400 ne suka mutu, dubbai kuma suka kamu. Sauran ƙauyukan da abin ya shafa sun haɗa da Abare, Sunke, Duza, Tungar Daji, Tungar Guru da Bagega.

MSF ta ba yaran maganin da ke fitar da dalma daga jini, amma maganin ba shi da amfani idan yaro zai koma gidan da ƙasarsa ke da guba. Saboda haka kamfanin TerraGraphics da cibiyar Blacksmith, tare da gwamnatin jiha da sarakunan gargajiya, suka jagoranci kankare saman ƙasar gidaje ana zuba sabuwa, aka kuma fitar da niƙan dutse daga cikin gari. An tsaftace ƙauyuka bakwai tsakanin 2010 da 2011. Bagega, wadda ta fi su girma, ta jira har 2013 kafin gwamnatin tarayya ta saki kuɗin aikin. A 2015 irin wannan annoba ta kashe yara 28 a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja.

Matakan da aka koyar da masu haƙar zinariya daga baya sun haɗa da fesa ruwa a lokacin niƙa don kada ƙura ta tashi, da yin wanka da sauya tufafi kafin komawa gida, da nisanta yara da masu ciki daga wurin aiki. Waɗannan su ne irin matakan da Hamilton ta nema wa ma'aikatan Illinois a rahotonta na 1911.